Ziyarar karkarar kudancin Kano a bazara: sharhi kan hidimar wani kamfanin buɗe ido

A 'yan shekarun nan an samu ƙananan kamfanoni a birnin Kano da suke shirya wa jama'a tafiye-tafiyen buɗe ido, mafi yawansu matasa ne ke tafiyar da su, kuma tallarsu ba ta wuce Facebook da WhatsApp ba. Akasarinsu hawan Sallah suke jira, ko kuma su kwashi baƙi zuwa Dutsen Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Akwai guda ɗaya da ya fito da wani shiri na daban, wato fita da mutanen birni zuwa ƙananan garuruwa da ƙauyukan kudancin jihar a lokacin bazara, a tashi ranar Asabar da safe a dawo ranar Lahadi da yamma. Titin Zariya suke bi, a tsaya a Kura da Kadawa, a wuce Tiga a kwana a wannan yanki, washegari a ɓullo ta Rurum zuwa Rano, sannan a biyo ta Bunkure a dawo gida. Na bi su a farkon watan Afrilu, bayan ƙaramar Sallah. Ba zan ambaci sunansu ba, domin yanzu suke rarrafe, kuma mafi yawan abin da zan faɗa ya shafi takwarorinsu ma. Hukuncina shi ne tafiyar ta ci kuɗinta, amma jagoran da suka ɗauka ne ya sa ta ci, ba tsarin da kamfanin ya yi ba. An gina tsarin ne a kan lokacin mutanen birni, alhali karkara a bazara da sassafe da kuma yamma take aikinta, da rana tsaka kuwa kowa inuwa yake nema.

Tambayar da kowa zai fara yi ita ce me ya sa bazara, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40 da rana, ƙasa ta bushe ƙayau, ciyawa ta ƙone, ga kuma fargabar sanƙarau da yake yaɗuwa a irin wannan yanayi. Wanda yake son ganin kore shar sai ya jira Agusta, babu musu. Sai dai a damina manomi ba shi da lokacin baƙo, hanyoyin ƙauye sun caɓe, kuma dawa da gero sun rufe ido hagu da dama har mutum ba ya hango komai daga cikin mota. A bazara kuwa ƙasar a buɗe take, kuma ayyuka iri biyu ne suke haɗuwa a lokaci guda: a filayen ban-ruwa ana ƙarasa girbin alkama, shinkafar rani tana kore, tumatir yana ja da baya, a kan tudu kuma ana sharar gona, ana kai taki a kan jakuna da amalanke, ana yaɓe da gyaran indararo kafin ruwan farko ya sauka. Mangwaro ya nuna, ɗorawa ta kawo. A nan kamfanin ya yi tunani mai kyau, kuma ya cancanci yabo a kan zaɓen lokacin.

Sha'anin biyan kuɗi ba shi da wahala. Ana turawa ta banki, a aiko wa mutum da shaida ta WhatsApp, a saka shi cikin zauren matafiyan wannan makon. Kuɗin kujera ya haɗa da mota da abinci da masauki da shiga jirgin ruwa a Tiga, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗaukar shatar mota, ko da yake wanda ya saba bin motocin haya daga tasha zuwa tasha zai ga an ninka masa. Motar bas ce ƙirar Hiace, mai tsabta, na'urar sanyaya ta tana aiki, direban kuma dattijo ne mai natsuwa wanda ba ya tsere da tireloli a titin Zariya. Matsalar ta fara ne daga tashi. An ce za a ɗaga da zarar an idar da sallar Asuba, amma sai da hantsi ya dubi ludayi muna tsaye muna jiran wasu da suka makara, shugaban kamfanin yana ta kiran waya yana ba mu haƙuri. A wata tafiyar wannan jinkiri ɓacin rai ne kawai. A tafiyar bazara kuwa asara ce ta zahiri, domin sa'o'in da aka ɓata a bakin titi su ne kaɗai masu sanyi a yinin, kuma su ne lokacin da manoma suke cikin gonaki.

Kura tana da tazarar kimanin kilomita 30 daga birni, bayan an tsallake gadar Tamburawa an wuce Ƙarfi. Mutanen Kano na yau sun fi saninta da shinkafa, kuma nan aka fara kai mu: layin injinan casa, tulin ɓuntu a bayan kowane shago, mata suna turara shanshera a manyan tukwane suna shanyawa a kan tamfol. Jagoranmu, wanda tsohon malamin gona ne da ya yi aiki a wannan yanki shekaru masu yawa, ya ɗebi shinkafa a tafin hannu daga buhu biyu ya nuna mana bambancin wadda aka turara da kyau da wadda aka yi wa gaggawa, ya ce idan shanya ba ta yi daidai ba, ko ta yi yawa a rana mai zafi, ƙwayar tana tsagewa ta kakkarye a cikin inji, shi ya sa farashin buhunan biyu ya sha bamban ko da daga gona ɗaya suka fito. Irin wannan bayani shi ne abin da mutum ba zai samu ba idan ya je shi kaɗai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a Kura shi ne karofi. Tun kafin shinkafa, da rini aka san garin, kuma daga nan ne rawanin da ake kira ɗan Kura da turkuɗi suke fita zuwa ƙasar Buzaye, har Agadas da gaba da ita. Sana'ar ta ja baya ƙwarai, ramuka da yawa sun cike da ƙasa, amma akwai sauran masu yi. Mun tarar da wani dattijon marini a bakin raminsa, hannuwansa shuɗi har gwiwa, faratansa baƙi ƙirin, yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa. Idan ya fito daga ruwan baba da toka, kore-kore yake, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a kan idonka, a sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi duhun da ake so. Daga nan sai wurin mabuga, inda mutum biyu suke zaune suna fuskantar juna, gungume a tsakaninsu, suna barbaɗa garin shuni suna bugun ƙyallen bi da bi har ya riƙa sheƙi. Wani daga cikinmu ya shafa rawanin, ya ga yatsunsa sun rine, sai ya ce, "Baba, ashe wannan shunin zuba yake yi?" Dattijon bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Alhaji, ai zubar ake saya." Gaskiya ya faɗa, domin masu sayensa a hamada suna son shunin ya kama fatar jiki. Minti kaɗan aka ba mu a wannan wuri, ana ta danna mana hon saboda an riga an makara, alhali wuri ne da ya kamata a zauna a ji tarihin fataucin da ya haɗa Kano da Azbin daga bakin waɗanda suka gaje shi.

Daga Kura zuwa Kadawa ana cikin tsakiyar aikin ban-ruwa na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, take kula da shi. Abin sha'awa a tsarin shi ne ruwan da kansa yake gangarowa daga Tiga, ba tare da injin turawa ba, ya bi babban kanal ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya iso bakin gona inda manomi yake zuƙo shi da lanƙwasasshen bututun roba. Jagoran ya tsayar da mota ya sauka ya nuna yadda ake yi: a nutsar da bututun ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a tsallakar da shi kan gaɓa a saki, ruwa ya ci gaba da bi da kansa. Yaran da suke cikin tafiyar sun yi ta gwadawa har suka jiƙe. Ya kuma nuna mana kacala, ciyawar nan mai tsawo da take toshe magudanan ruwa ta zama mafakar tsuntsayen da ke cinye shinkafa, wadda ta daɗe tana addabar manoma tun daga nan har fadamun Haɗejiya da Nguru. Game da alkama kuwa, ya yi bayanin cewa sanyin hunturu take so, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, kuma duk wanda ya makara da shuka zafin Maris zai riske ta tana cikin cika ƙwaya, ta fito a motse. Mun ga bambancin da idonmu a gonaki biyu maƙwabtan juna.

Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, a ƙaramar hukumar Garun Malam, ita ce aka fi yi mana talla da ita, kuma ita ce muka fi yin asara a kanta. Daga nan ake loda kwandunan tumatir zuwa kudu, har kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma da sassafe take ci, saboda kaya ne da ba ya jure rana. Lokacin da muka isa, manyan motocin sun tashi, dillalai sun watse, sai 'yan kwanduna na ragowa da mata masu yanka tumatir suna shanyawa. Ga shi kuma a watan Afrilu kakar tumatir ta riga ta juya baya. Jagoran ya cike giɓin da labarin shekarar 2016, lokacin da tsutsar da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu har farashi ya yi tashin gwauron zabi a duk ƙasar, amma labari ba ya maye gurbin gani. Da an tashi a kan lokaci, kuma da an fara da Gafan kafin a dawo Kura, da ba a yi wannan rashi ba. Gyara ne da ba ya bukatar ko sisi.

A takardar tsarin tafiya, an rubuta cewa da ƙarfe ɗaya na rana za a zaga gonaki da ƙafa. Duk wanda ya rubuta wannan bai taɓa tsayawa a fili a watan Afrilu ba. Jagoran ne ya ƙi, ya ce wa shugaban kamfanin a gabanmu, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, in muka fitar da mutanen nan cikin wannan rana, asibiti za mu ƙare." Ya sa direba ya ratse zuwa wani ƙauye da yake da sanayya a cikinsa, tsakanin Kadawa da Tiga, don a yi Azahar a jira rana ta yi sanyi. Wannan tsayawa da ba ta cikin tsari ita ce ta zama mafi daraja a tafiyar gaba ɗaya.

Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin wata babbar bishiyar mangwaro, aka kawo ruwan randa da fura da nono a ƙwarya. Bayan salla, dattawan garin suka zauna tare da mu, hira ta ɓarke a kan shirin damina. Wani tsoho ya nuna mana gawon da ke tsakiyar gonarsa, kore shar a lokacin da komai ya bushe, ya ce ko ɗansa bai isa ya sa masa gatari ba. Dalilinsa a fili yake: gawo da rani yake ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi, idan damina ta zo kuma ya kakkaɓe ganyen ya bar wa shuka rana, don haka geron da ke gindinsa ya fi na ko'ina a gonar. Suka yi gardama a tsakaninsu kan binne, wato shuka iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka. Masu yi suna cewa wanda ya binne ya riga kowa, masu ƙi kuma suna cewa idan aka yi yayyafi kaɗan iri ya tsiro sannan ruwa ya ɗauke, an yi asarar iri da wahala. Wani ya ce shi ba ya taɓa iri sai ya ga shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan kukar bakin gari, kuma iska ta juyo daga kudu. Babu wanda ya ci gardamar, kuma da alama kowace shekara sai an yi ta.

A gefe guda wasu yara suna ɓare ɗorawa, bakinsu duk ya yi rawaya da garin. Jagoran ya ɗauki kwafso ɗaya ya rarraba mana shi kashi uku: garin a sha ko a dama, kalwar a dafa a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa a samu makuba, wadda ake haɗawa da ƙasa a shafe soro da katanga don kada ruwan sama ya zaizaye su. Sai ya kai mu bayan wani gida inda ake cikin wannan aiki, magini a kan tsani yana shafe rufin soro da tafin hannu, yaronsa yana miƙa masa kwaɓin a kwano. Da yawa daga cikin matasan da ke motar, waɗanda aka haifa a gidajen bulo da kwano a Kano, ba su taɓa ganin wannan ba, ko da yake kakanninsu a cikin Birni da irin wannan ginin suka rayu.

A wannan ƙauyen ne kuma babban aibin kamfanin ya fito. Ba a yi wa matafiya wani bayani ba game da yadda ake shiga garin mutane. Wasu samari suka ɗaga wayoyi suka nufi cikin wani gida ta zaure suna ɗaukar bidiyo, gidan matan aure, ba sallama ba neman izini, sai da jagoran ya sha gabansu ya mayar da su. Wasu kuma suna ta ɗaukar hoton yara marasa riga don su ɗora a intanet. Mutanen garin sun yi kawaici, amma fuskar mai unguwa ta sauya. Minti biyar na jan kunne a cikin mota kafin a sauka ya isa ya hana wannan. Abu na biyu, kamfanin bai ware ko kwabo ba don waɗanda suka karɓe mu. Furar da muka sha da nonon da aka saya a wurin Fulani daga aljihun talakawa suka fito, a lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa kuma ana neman kuɗin taki. Jagoran ne ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a asirce aka yi karo-karo aka ba mai unguwa. Kamfanin da yake karɓar kuɗi don ya nuna wa mutane karkara wajibi ne ya sa mutanen karkarar a cikin lissafinsa, haka ma marinan Kura da suka bar aikinsu suka yi mana bayani.

Mun isa Tiga bayan La'asar, kuma wannan lokacin ya dace. An gina madatsar ne tsakanin 1971 da 1974, zamanin gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, a kan Kogin Kano. Tafkin yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 178, kuma yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Duk koren da muka gani tun daga Kura daga nan yake sha, haka ma wani kaso na ruwan famfon birni. Jagoran bai ɓoye ɗaya ɓangaren ba, wato tare ruwan a nan da kuma a madatsar Challawa ta Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ya rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru suke dogaro da ita don noma da kiwo da su. A bazara ruwan ya ja baya, duwatsun da damina take rufewa sun fito, ana ganin zanen inda ruwa ya tsaya a jikinsu. Masunta suna dawowa da karfasa da tarwaɗa, mata suna soyawa a bakin ruwa, kuma kifin da muka ci a wurin, da yaji da albasa kawai, ya fi abincin da kamfanin ya taho da shi a kula daga Kano, shinkafa da miya da suka yi rabin yini a cikin zafi. Ban ga dalilin ɗauko abinci daga birni zuwa inda ake noma shinkafar kuma ake kama kifin ba.

Batun jirgin ruwa kuwa ba na wasa ba ne. An kawo kwale-kwale mai inji, rigunan kariya daga nutsewa ba su kai rabin yawanmu ba, aka ce manya su bar wa yara. Ni da wasu muka ƙi shiga sai an raba mu sahu biyu, kuma aka yi hakan bayan 'yar jayayya. Mutanen Kano ba su manta da hatsarin Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a madatsar Watari fiye da mutum 20 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya. Bayan wannan, babu uzurin da za a karɓa daga kamfanin da ya san adadin fasinjojinsa tun mako guda kafin tafiya. Duk wanda zai bi su ya tambayi wannan kafin ya tura kuɗi, kuma ya nemi amsa a rubuce.

Masaukin da aka kai mu matsakaici ne: ɗakuna a share, zanen gado wankakke, ruwa a bokiti. An kashe janareta da tsakar dare, ɗakin ya zama tanda, yawancin maza suka fito da katifu tsakar gida. Mata ba su da wannan damar, kuma su ne suka fi shan wahala a tafiyar baki ɗaya, domin tun daga Kura har Tiga babu inda aka tanadar musu wurin kama ruwa da alwala, sai da matan ƙauyen nan suka shigar da su gidajensu. Wata Hajiya da ta zo da jikokinta ta faɗa wa shugaban kamfanin haka da safe, ba tare da ɗaga murya ba, ya ce za a gyara.

Safiyar Lahadi ce kaɗai aka tashi da wuri, saboda zafi ya hana kowa barci, kuma hanyar Rurum zuwa Rano da sanyin safiya tana da kyawun gani, manyan duwatsu a jibge wani kan wani, gonaki a share an tara kara ana ƙonawa, shanun Fulani suna kiwo a saura. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin da aka gada ita da Kano ne sarakunan baba, wato masu rini, abin da ya haɗa ta da karofin da muka gani a Kura. Zamna Kogi ɗan Bawo ake danganta kafuwarta da shi, kuma har yau Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari. A 2019 aka ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya tare da Gaya da Ƙaraye da Bichi, a 2024 aka soke wannan doka, daga baya a shekarar aka mayar da ita mai daraja ta biyu. A nan ƙarfin jagoranmu ya ƙare, kuma shi da kansa ya ce noma ya sani, tarihi sai masu shi. Kamfanin bai nemi kowa daga cikin dattawan garin ko malaman makaranta da zai karɓe mu ba, don haka muka tsaya a ƙofar fada muka ɗauki hoto, muka kalli ragowar ganuwa daga cikin mota, muka kama hanyar Bunkure. Garin da ya fi kowanne tsufa a wannan hanya shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Akwai kuma ƙorafi a kan tallar. Hotunan da suka sa a Facebook sun haɗa da na daji mai duhu da namun dawa, wanda duk mai gani zai ɗauka Falgore ne, alhali dajin Falgore yana can kan hanyar Jos, kimanin kilomita 150 daga Kano, kuma ba ya cikin tafiyar. Ban zarge su da ƙin zuwa can ba, domin wuri ne da shigarsa take bukatar izini da rakiyar jami'ai, amma bai kamata a yi talla da abin da ba za a kai mutum ba. Abin da suke da shi a hannu ya isa talla.

Tafiyar ta dace da iyayen da suke son 'ya'yansu su ga inda shinkafa da tumatir da daddawa suke fitowa, da malaman makaranta, da duk wanda zai iya zama a tabarma ya saurari manomi. Ba ta dace da tsofaffi masu hawan jini ko jarirai ba, saboda zafin ba ƙarami ba ne, kuma ruwan shan da kamfanin yake rabawa ba ya isa, sai mutum ya riƙo nasa, da hula ko malafa, da takalmin da zai iya shiga gona. Wanda yake son ya riski girbin alkama da kasuwar tumatir tana ci ya zaɓi watan Maris, wanda kuma yake son ɗorawa da mangwaro da hadarin farko ya bari sai ƙarshen Afrilu. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji musamman, domin a karofi da bakin ruwan Tiga da cikin ƙauyuka sabis ɗin waya yana yankewa, tura kuɗi ta banki ba ya tafiya, kuma masu POS sai a bakin babban titi. Wanda yake da niyyar sayen shinkafa a Kura ya faɗa tun a wurin biyan kuɗi, saboda bayan motar ba ya ɗaukar buhu fiye da kaɗan, kuma hanyar dawowa ta Bunkure ba ta sake bi ta cikin garin.